Sharhi: Inshorar Dala 500,000 Da Masu Sayen Hannun Jari Ta Wayar Hannu

Daga wajajen shekarar 2019 zuwa yau, sayen hannun jari ya tashi daga aikin da sai mutum ya niƙi gari ya tafi ofishin dillali a Legas ko Kaduna ko Kano, ya cike takardu ya zauna jira, ya koma aikin 'yan mintoci a kan wayar hannu. Ɗan kasuwar da ke zaune a shagonsa a Kantin Kwari, ko a Alaba Rago a Legas, ko a unguwar Sabo ta Ibadan, yana iya mallakar ɗan yanki na kamfanin Apple ko Tesla bayan sallar la'asar, lokacin da kasuwar New York ke ci. Kamfanoni irin su Bamboo da Chaka da Trove na cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa, kuma faɗuwar darajar Naira, musamman tun daga watan Yunin 2023, ta ƙara tura masu hannu da shuni neman inda za su adana dukiyarsu da dala. Akwai wata jimla da ake yawan cin karo da ita a tallar irin wannan ciniki, watau cewa asusun mai zuba jari yana da inshora har ta dala 500,000. Maganar gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta. To, amma fa abin da akasarin masu karanta ta suke fahimta ya sha bamban da abin da dokar Amurka ta tanada, kuma a cikin wannan tazara ne dukiyar bayin Allah ke iya salwanta.

Inshorar da ake magana a kai ta wata cibiya ce da ake kira SIPC, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa a shekarar 1970. Dalilin kafa ta shi ne rikicin da ya auka wa dillalan hannun jari na ƙasar tsakanin 1968 da 1970, lokacin da ciniki ya yi yawa har ya fi ƙarfin akawunansu, takardun hannun jari suka riƙa ɓacewa, kamfanonin dillanci da dama suka durƙushe da dukiyar jama'a a hannunsu. Cibiyar ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Dillalan da ke cikinta ne ke zuba mata kuɗi, ko da yake doka ta ba ta damar cin bashin da ya kai dala biliyan 2.5 daga baitulmalin Amurka idan asusunta ya gaza. Iyakar abin da take biya wa mutum guda shi ne dala 500,000, kuma daga cikin wannan adadi, abin da ya shafi tsabar kuɗin da ke ajiye a asusu ba ya wuce dala 250,000. Wani abin yabo shi ne ba ta tambayar fasfo. Mutumin Zariya da ke da asusu da sunansa a hannun dillalin da ke cikin cibiyar yana da haƙƙi daidai da na mutumin Chicago.

Aikin cibiyar guda ɗaya ne tak. Dokar Amurka ta wajabta wa kowane dillali ya ware hannayen jari da kuɗin abokan cinikinsa daga nasa, kada ya cuɗa su. Idan dillali ya karye, kotu kan naɗa amintacce ya tattara abin da aka ware, ya raba wa masu shi ko ya mayar da asusunsu hannun wani dillalin mai lafiya. In an ƙidaya aka tarar da giɓi, a nan ne SIPC ke shigowa ta cike, har zuwa iyakar da aka ambata. Haka aka yi lokacin da kamfanin Lehman Brothers ya faɗi a watan Satumbar 2008, inda aka mayar da asusun abokan ciniki sama da 100,000 zuwa wasu kamfanoni, daga bisani kuma aka biya abokan cinikin sashen dillancinsa haƙƙinsu cif. A rikicin MF Global na ƙarshen Oktoban 2011, an tarar da giɓin kimanin dala biliyan 1.6 a kuɗin jama'a, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin kowa ya karɓi nasa. Darasin a nan shi ne ko inda kariyar ta yi aiki, ba ta hana kuɗin mutum maƙalewa na wani lokaci, kuma ɗan kasuwar da ya zuba kuɗin saro kaya a irin wannan asusu ya san abin da jinkirin wata uku ke nufi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san cinikin shanu a kudancin ƙasar nan. Falke kan sauko da garkensa daga arewa ya sauka a hannun mai gidansa, mai gida ya nemo mahauta su ɗauki shanu bashi, shi kuma ya tsaya lamuni cewa kuɗi za su fito. Idan mahauci ya gudu, mai gida ke biya, don sunansa ne jarinsa. Amma ba a taɓa jin falke ya kama mai gida da cewa kasuwa ta faɗi, shanun da ya sayo da tsada a Potiskum sun yi araha a Ibadan, don haka a cika masa ba. Lamunin mai gida a kan amana yake, farashi kuwa na kasuwa ne. Haka lamarin SIPC yake. Alal misali, wanda ya sayi hannun jari 100 a kan dala 50 kowane ɗaya, farashi ya sauko zuwa dala 20, sannan dillalinsa ya karye, abin da za a nema masa shi ne hannayen jarinsa 100, ba dala 5,000 da ya kashe ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. 'Yan Nijeriyar da suka ga abin da ya faru a kasuwar Legas, inda ma'aunin farashi ya haura 66,000 a watan Maris na 2008 sannan ya rikito zuwa wajen 20,000 cikin shekara guda, sun san babu asusun da ya biya kowa wannan asara.

Inda lamarin ya fi shafar mai zuba jari na ƙasar nan shi ne ma'anar kalmar abokin ciniki a dokar, kuma shari'ar Bernard Madoff ce ta fi fayyace ta. Lokacin da asirinsa ya tonu a watan Disambar 2008, takardun da yake aika wa mutane sun nuna suna da kusan dala biliyan 65, alhali hannayen jarin da aka rubuta a cikinsu ba a taɓa sayen su ba. Amintaccen da kotu ta naɗa, Irving Picard, ya ce ba zai yi lissafi da ribar bogi ba. Abin da mutum ya zuba za a duba, a cire abin da ya riga ya karɓa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa a 2011. Har ila yau, akwai ɗimbin mutanen da ba su taɓa buɗe asusu a wurin Madoff ba, sun dai ba wasu kamfanoni masu tara kuɗin jama'a ne, su kuma suka miƙa masa. A shekarar 2013 kotu ta yanke cewa waɗannan ba abokan cinikin dillalin ba ne a idon doka, saboda haka ba su da rabon kai-tsaye a inshorar SIPC. Picard ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya ƙwato sama da dala biliyan 14, amma wanda sunansa ba ya cikin littafin dillali sai ya bi ta hannun wanda ya ba wa kuɗinsa, ko ya jira wani asusun diyya dabam.

Yanzu sai a duba hanyar da Nairar ɗan kasuwar Kano ke bi kafin ta zama hannun jarin Amurka. Tana fita daga bankinsa zuwa asusun kamfanin da ya mallaki manhajar, a nan Nijeriya. Daga nan a canza ta zuwa dala, a tura wa wani dillali a Amurka, irin su DriveWealth, wanda shi ne ke cikin SIPC, shi ne kuma ke saye ya riƙe hannun jarin. Inshorar da ake talla da ita a zangon ƙarshe kaɗai take aiki, kuma sai in dillalin na Amurka ne ya karye. Idan kamfanin gida ne ya durƙushe, ko wani ma'aikacinsa ya yi sama da faɗi da kuɗi kafin su tsallaka teku, ko aka rufe asusunsa, SIPC ba ta da hurumi ko kaɗan. Wannan ba shaci-faɗi ba ne, domin a watan Agustan 2021 Babban Bankin Nijeriya ya samu umurnin Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja na rufe asusun banki na wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni har na kwana 180, bisa zargin keta ƙa'idojin canjin kuɗi. An buɗe asusun daga baya, amma a kwanakin da abin ya faru, hankalin masu zuba jari da yawa ya tashi, kuma babu wata inshorar Amurka da ta shafi wannan matsala.

Bugu da ƙari, ba duk manhajoji ne ke aiki iri ɗaya ba. Wata kan buɗe wa kowane mutum asusu da sunansa a hannun dillalin Amurka, har ya riƙa samun takardar bayanin asusu mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Wata kan zuba kowa da kowa a babban asusu guda da sunan kamfani, ta riƙe lissafin kason kowa a nata littafin. Wata ma ba hannun jari take saya wa mutum ba, karɓar kuɗinsa take yi ta juya, ta ba shi riba. Na farko ya tsaya a kan dutse. Na biyu ya dogara ga ingancin littafin da ba ya gani, na uku kuwa ya fi kama da mutanen da kotu ta juya wa baya a shari'ar Madoff. Abin da ya faru da kamfanin Synapse a Amurka a shekarar 2024 ya isa misali kan hatsarin littafi. Kamfanin ɗan tsakiya ne tsakanin manhajojin ajiya da bankuna masu cikakkiyar inshorar gwamnati. Da ya karye, bankunan suna nan lafiya lau, amma lissafin wa ke da nawa ya rikice, aka tarar da giɓin miliyoyin daloli, dubban mutane suka yi watanni ba su iya taɓa kuɗinsu. Inshorar bankunan ba ta motsa ba, domin babu bankin da ya faɗi.

Su kansu manyan kamfanonin Amurka sun sha yin wasa da kalmar inshora. A watan Disambar 2018 kamfanin Robinhood ya sanar da wani sabon asusun ajiya mai ruwan kashi 3 cikin 100, ya ce SIPC ce ta tsaya masa. Shugaban cibiyar na lokacin, Stephen Harbeck, ya fito fili ya ce ba a tuntuɓe su ba, kuma kuɗin da aka ajiye ba don sayen hannun jari ba ba sa cikin abin da suke karewa. Cikin kwana ɗaya ko biyu kamfanin ya janye sanarwar. A 2022 kuma hukumar inshorar ajiyar bankuna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin kuɗin kirifto irin su Voyager da FTX kan kalaman da ke sa jama'a su zaci ajiyarsu na da inshorar gwamnati, kuma dukansu biyu sun karye a shekarar. Idan a ƙasar da aka rubuta dokar ma sai hukuma ta ja kunne, ina ga inda ake karanta tallar da harshen da ba na uwa ba?

Akwai kuma wasu asarorin da suka keɓanta da cinikin intanet, waɗanda inshorar ba ta san da zamansu ba. Ranar 28 ga Janairun 2021 Robinhood ya hana abokan cinikinsa sayen hannun jarin GameStop ana tsakiyar rububi, saboda cibiyar da ke tace ciniki ta nemi ya ajiye maƙudan kuɗin jingina. A watan Maris na 2020 manhajarsa ta ɗauke a ranakun da kasuwa ke hawa da sauka. Hukumar da ke sa ido kan dillalan Amurka ta ci shi tarar da ta kai kimanin dala miliyan 70 a 2021 bisa wasu laifuffuka da suka haɗa da ɗaukewar manhajar, amma wannan hukunci ne, ba inshora ba. Kazalika wanda ɓarayin intanet suka sace lambar sirrinsa, ko suka yi masa musanyen layin waya, suka wawashe asusunsa alhali dillalin na nan daram, ba shi da abin nema a SIPC, sai dai abin da kamfanin ya yi alkawari a ƙashin kansa.

To, me aka tanada a gida? Da yawa daga cikin 'yan kasuwa suna ɗauka cewa Hukumar Inshorar Ajiyar Bankuna, NDIC, ta rufe duk wani kuɗi da ke cikin manhaja. Hukumar, wadda aka kafa a 1988, ajiyar banki take karewa, kuma a watan Mayun 2024 ta ɗaga iyakar abin da take biya a manyan bankuna daga Naira 500,000 zuwa Naira miliyan 5, wata guda kafin a soke lasisin Heritage Bank. Hannun jari ba ya cikin aikinta. Abin da ya shafi hannun jari shi ne Asusun Kare Masu Zuba Jari na kasuwar Legas, wanda dokar zuba jari ta 2007 ta wajabta, aka kuma rantsar da amintattunsa a 2012, domin biyan diyya ga wanda dillali ya ci amanarsa ko ya karye da dukiyarsa. Lokacin da asusun ya fara biya a 2015, iyakar abin da aka yanke wa mutum guda shi ne Naira 400,000. A ƙarshen wannan shekara Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, SEC, a zamanin Mounir Gwarzo, ta ƙaddamar da nata asusun da jarin Naira biliyan 5, da iyakar Naira 200,000 ga mutum guda.

A 2015 Naira 400,000 ta kai kimanin dala 2,000. A canjin shekarar 2024, lokacin da dala ta haura Naira 1,500, wannan adadi bai kai dala 300 ba. A Ingila iyakar diyyar mai zuba jari fam 85,000 ce, a Tarayyar Turai kuma doka ta hana ta gaza Yuro 20,000. Ko shakka babu arzikin ƙasashen ba ɗaya ba ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a daidaita su. Amma NDIC ta nuna cewa ana iya duba iyaka a ɗaga ta idan kuɗi suka lalace. Wajibi ne amintattun asusun kasuwa da hukumar SEC su ɗaure iyakar diyya da wani ma'auni da za a riƙa dubawa a kai a kai, su kuma riƙa wallafa adadin kuɗin da ke cikin asusun, da yawan masu ƙorafin da aka biya, da tsawon lokacin da kowa ya jira. Gwamnati ba za ta riƙa kiran talaka ya shigo kasuwa ba, kamar yadda aka yi a sayar da hannayen jarin MTN miliyan 575 a kan Naira 169 ta intanet a Disambar 2021, da kuma tallar hannayen jarin bankuna tun daga 2024, sannan ta bar shi da garkuwar da tsatsa ta cinye.

Adalci ne a faɗi cewa kariyar da ta fi amfani a kasuwar gida ba asusun diyya ba ce, tsarin ajiya ne. Tun 1997 cibiyar CSCS ke riƙe da hannayen jarin kasuwar Legas da sunan masu su, kowa da lambarsa, ba a aljihun dillali ba. Tana aika saƙon waya idan an taɓa asusun mutum, kuma tun 2016 akwai tsarin da kuɗin hannun jarin da aka sayar ke shiga bankin mai shi kai-tsaye ba tare da sun kwana a hannun dillali ba. An ɓullo da wannan ne bayan shekarun da aka yi ana kuka da dillalan da ke sayar da hannun jarin mutane ba da saninsu ba, ko su sayar su riƙe kuɗin. Duk wanda ke sayen hannun jarin gida ta manhaja amma bai san lambarsa ta CSCS ba, cinikin biri a sama yake yi.

Sai kuma masu kwaikwayon dillalai. Daga MMM a 2016 zuwa CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, salon ɗaya ne: manhaja mai kyan gani, riba mai tsoka, da takardun da ake cewa na rajista ne. Rajistar sunan kamfani ba lasisin karɓar kuɗin zuba jari ba ne, kuma babu asusun diyya, na gida ko na waje, da ke biyan wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin da ba ya ƙarƙashin hukuma. Ko a Amurka, mutanen da Allen Stanford ya damfara da takardun ajiya na wani bankinsa da ke tsibirin Antigua sun nemi SIPC ta biya su, hukumar hannayen jarin ƙasar ma ta shigar da ƙara a madadinsu, amma kotu ta ƙi a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba ga masu irin wannan damfara. Hukuncin ya dace, sai dai ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da jarin mai shago.

Hukumar SEC ta yi abin da ya kamata a watan Afrilun 2021 da ta gargaɗi manhajojin da ke sayar da hannayen jarin waje ba da rajista ba, ta kuma fara ba su lasisi a watan Yunin shekarar, inda Chaka ya zama na farko. Abin da ya rage shi ne ta sa ido kan lafazin talla. Ya kamata duk kamfanin da ya ambaci dala 500,000 a tilasta masa ya rubuta a wuri guda, da baƙaƙe masu girma ɗaya, sunan dillalin da ke riƙe da hannun jarin, ko asusun da sunan mai shi yake, a wane banki kuɗi ke zama kafin su tsallaka, da kuma wanda zai biya idan kamfanin gida ne ya faɗi. A kuma yi wannan bayani da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, tunda da su ake yin tallar a rediyo da kafafen sada zumunta. Kamfanonin da ke aiki tsakani da Allah ba su da abin tsoro a wannan, hasali ma shi zai bambanta su da 'yan damfara.

Akwai wani sharaɗi na dokar Amurka da ya kamata ya shiga cikin wannan bayani, domin ba kasafai ake ambatonsa ba. Idan dillali ya karye, diyya ba ta zuwa da kanta a kowane hali. Amintaccen kotu kan wallafa sanarwa, ya aika takardar neman haƙƙi ga waɗanda sunansu da adireshinsu ke cikin littafin dillalin, kuma wanda bai shigar da buƙatarsa cikin wata 6 daga ranar sanarwar ba, haƙƙinsa ya faɗi. Takardar da Turanci take, ana kuma son a haɗa ta da shaidar abin da mutum ya mallaka. Saboda haka ɗan kasuwar da ke da asusu a waje yana bukatar ya riƙa sauke takardar bayanin asusunsa duk wata yana adanawa a wajen manhajar, ya kuma tabbatar adireshin saƙon intanet da ya bayar wanda yake dubawa ne, ba na yaron shagon da ya buɗe masa asusun ba.